Tambaya da Amsa: Kiɗa a Kunne, Alƙalami a Hannu

Wasiƙun da suka fi yawa a wannan karo sun taru ne a kan abu guda: shin sauraron kiɗa ko waƙa yayin rubutu taimako ne ko cikas? Mun zaɓi waɗanda amsarsu za ta amfani kowa, mun kuma taƙaita masu tsawo.

Assalamu alaikum. Ina rubuta labarai a waya ina turawa zaurukan WhatsApp, kuma ba na zama rubutu sai da waƙoƙin Hausa a kunne, don su suke sa ni cikin yanayin labarin. Amma sai in daɗe a kan shafi ɗaya, wani lokaci ma in ga kalmar mawaƙin ta faɗo cikin jimlata. Ina matsalar take?
*Wata marubuciya daga Kano*

Wa alaikumus salam, Malama. Matsalar tana cikin baitocin. Duk mai rubutu yana faɗa wa kansa jimlar a zuci kafin yatsa ya buga ta, ko da leɓensa bai motsa ba. Masana halayyar ɗan Adam biyu 'yan Birtaniya, Alan Baddeley da Graham Hitch, sun bayyana a 1974 cewa ƙwaƙwalwa tana da ɗan ƙaramin wurin riƙon wucin-gadi, kuma wani sashensa aikinsa riƙe sautin magana na 'yan daƙiƙu. A nan rabin jimlarki take jira kafin ki ƙarasa ta. Kunne kuwa ba shi da marfi: duk muryar da ta shigo, wannan wurin take nufa, ko kin so ko ba ki so ba. Shi ya sa za ki fara "Da ta ɗaga labule sai ta ga…", mawaƙi ya shigo da amshi, ki dawo ki tarar sauran jimlar ta gudu.

An gwada wannan sau da yawa. A 1989 Baddeley da Pierre Salamé sun sa mutane riƙe jerin lambobi a ka, suka ga waƙa mai murya ta fi kiɗa zalla ɓata musu lissafi. A 2001 Ransdell da Gilroy a Amurka sun sa ɗalibai rubuta insha'i a kwamfuta, da kiɗa da kuma babu kiɗa, sai yawan kalmomin da suke samarwa a minti ya ragu idan kiɗa na tashi. Wanda ya fi shafar ki shi ne na Nick Perham da Harriet Currie a birnin Cardiff a 2014. Sun ba mutane karatu da tambayoyi a yanayi huɗu: shiru, kiɗa marar murya, waƙar da mutum yake so, da waƙar da ba ya so. Waƙar da ake so da wadda ba a so duk sun rage fahimta kusan daidai da juna. Wato son waƙa ba ya kare ki daga ita. Yana dai sa zaman ya yi daɗi, har mutum ya ɗauka aiki na tafiya.

Amma ba ƙarya kike yi ba da kika ce waƙa tana sa ki cikin yanayi. Sai dai a sauya mata lokaci. Kafin ki fara, saurari waƙa ɗaya ko biyu, minti biyar zuwa goma, kina tunanin fitowar da za ki rubuta: wa zai fara magana, me ya ɓata masa rai, a ina za a tsaya. Rubuta layi uku na tunatarwa. Daga nan kashe waƙar, ki yi rubutu minti 25 zuwa 40. In kin ji zuciyar labarin ta huce, tashi ki miƙe ƙafa, ki sake jin waƙar, ki sake kashewa. Ayyukan da waƙa ba ta cika yi wa illa ba su ne na hannu: sa lambar shafi, daidaita sakin layi, tura babi zuwa zaure. Wuri biyu ne kawai za mu ce kada ki yarda da ita sam: lokacin rubuta hirar taurari, da lokacin gyara.

To ni waƙoƙin Indiya nake ji, kuma ba na jin yaren. Ashe ke nan na tsira?
*Wani marubuci daga Gusau*

Ka rage, Malam, ba ka tsira ba. Hanya biyu sauti yake bi ya dami mai rubutu. Ta farko ma'ana ce: ƙwaƙwalwa ba ta iya jin maganar da ta fahimta ta ƙi fassara ta. Masu bincike a Suwidin sun nuna haka a 2012, inda suka sa mutane rubutu ana sa musu magana ta sosai, sannan aka sa musu wadda aka jirkita sautinta da na'ura har ba a gane komai a ciki. Mai ma'anar ce ta rage musu rubutu. Ta wannan fuska waƙar baƙon harshe ta fi ta Hausa sauƙi.

Hanya ta biyu ba ruwanta da ma'ana, sauyawar sauti ce kawai. Tun 1976 Colle da Welsh suka sa wa masu jin Turanci karatun Jamusanci, harshen da ba su sani ba, amma duk da haka ya hana su riƙe jerin haruffa yadda ya kamata. Daga baya Dylan Jones da Bill Macken suka nuna a 1993 cewa ko 'yan sautuka ne marasa kalma, muddin suna hawa da sauka, suna yin irin wannan ɓarna. Waƙar fim ɗin Indiya kuwa hawa da saukar murya ne jarinta.

Sannan a faɗi gaskiya, Bahaushen da ya tashi da kallon finafinan Indiya da wuya a ce bai tsinci komai a harshen ba. Ko bai san kalma ba ya san fitowar da waƙar take ciki, da ta tashi sai hoton ya zo masa. In kana son ka gwada, nemi waƙa cikin harshen da ba ka taɓa kallon fim ɗinsa ba, mai murya ɗaya a kwance, ka rage ƙara har sai kalmomin sun daina rarrabuwa a kunnenka.

An ce kiɗa marar murya ya fi. Na samo kiɗan kalangu da na gurmi zalla, amma sai na ji ina rera waƙar a raina. Wane irin kiɗa ne ya dace?
*Wani malamin makaranta daga Damagaram*

Malam, abin da ya same ka ba abin mamaki ba ne. Hausa harshe ne mai karin sauti, kowace gaɓa da hawanta ko saukarta, ga kuma dogon wasali da gajere. Mai kalangu yana matse tsarkiya a hammata yana sassautawa don fatar ta bi wannan hawa da sauka, shi ya sa ake cewa kalangu na magana. Kotso da jauje ma haka suke, kakaki da algaita kuma suna da taken da duk wanda ya tashi kusa da fada ya san abin da suke cewa. Ga baƙo wannan kiɗa ne zalla. Ga kunnen Bahaushe magana ce, don haka shawarar da ake bayarwa a ƙasashen Turai cewa a koma kiɗa marar murya ba ta zauna daidai a kan kalangu ba. Haka nan duk waƙar da ka haddace, ko an cire muryar mawaƙin, kai za ka mayar da ita da bakinka.

Ga abin da za ka duba wajen zaɓe. Kiɗan ya zama wanda ba ka san shi da baiti ba. Ya zama mai tafiya a hankali: ƙirga bugunsa na daƙiƙa 15 ka ninka sau huɗu, in ya haura 90 zuwa 100 a minti, a ganinmu ya yi sauri ga rubutu. A wani gwaji na 2012, William Thompson da abokan aikinsa sun sa kiɗa marar murya iri huɗu ga masu karatu, mai sauri da marar sauri, mai ƙara da marar ƙara, kuma wanda ya haɗa sauri da ƙara shi ne ya ɓata fahimta. Kada ya kasance mai yin shiru sannan ya fashe da ganga. Sarewa a kwance ko molo mai maimaita zagaye ɗaya sun fi kiɗan biki nesa ba kusa ba.

In ka samu guda ɗaya da ya yi maka, sa shi ya yi ta maimaita kansa. Bayan zagaye kaɗan kunne yakan saba ya daina bibiya. Kada ka bar manhaja ta riƙa zaɓo maka, domin kowane sabon kiɗa sai hankali ya leƙa ya ga mene ne. Manhajojin kyauta kuma sukan jefo talla da muryar mutum a tsakiya, wanda shi ne ainihin abin da kake gudu. Sauke kiɗan a waya, ka kashe data.

Ina rubuta kundin kammala digiri a ɗakin da muke mu huɗu. Ga hirar abokan zama, ga janareton maƙwabta, ga injin markaɗe a bayan taga. In ban sa waƙa ba ba na iya komai. Mene ne mafita?
*Wani ɗalibi daga Zariya*

Ɗan'uwa, kai ne wanda sa wani abu a kunne zai fi amfana, domin zaɓinka ba tsakanin waƙa da shiru ba ne. Amma ka fara rarrabe maƙiyanka. Janareto da injin markaɗe suna da ƙara, sai dai ƙararsu ɗaya ce ba ta sauyawa, kuma kunne na sabawa da ita. Hirar abokan zama ita ce babbar matsala ko da a hankali ake yin ta. Mafi muni shi ne wanda yake waya kusa da kai: Lauren Emberson da abokan aikinta a Jami'ar Cornell sun nuna a 2010 cewa jin ɓangare ɗaya na hira ya fi jin duka biyun ɗauke hankali, saboda ba ka iya hasashen lokacin da muryar za ta sake tashi.

Kowanne da maganinsa. Hedifon mai kashe ƙara da lantarki yana da ɗan makirfo da yake sauraron waje ya fitar da sautin da zai soke shi. Yana aiki sosai a kan gurnani mai kauri marar sauyawa, irin na janareto ko fanka, amma muryar mutum da kukan yaro suna ratsa shi. Mutane da yawa sun kashe kuɗi a kansa don hirar ɗaki suka dawo suna cewa jabu aka sayar musu, alhali ba aikinsa ba ne. Don murya, abin da ake so shi ne toshewa da rufewa.

Toshewa: sayi matoshin kunne na soso a kantin magani ko wurin masu kayan aikin gini. Murza shi da yatsu masu tsabta har ya sirance, kai ɗaya hannun ta bayan kai ka ja saman kunnen sama, tura shi, ka riƙe da yatsa kamar daƙiƙa 30 har ya kumbura ya cika ramin. In kana ganin rabinsa a waje, bai shiga ba, kuma ba zai rage komai ba. In iyafis za ka yi amfani da shi, nemi mai robar da take shiga cikin kunne, ka gwada duka girma ukun da suke zuwa da shi.

Rufewa: maimakon waƙa, sa ƙarar ruwan sama ko shuuu irin ta rediyon da bai kama tasha ba. Akwai mai kaifi akwai mai kauri, kuma yawancin mutane sun fi jure mai kaurin na tsawon awanni. Fara daga ƙasa ka riƙa ƙarawa har sai ka daina gane kalmomin masu hira, ko da kana jin alamar murya. Nan za ka tsaya. Ba a so a shafe muryar gaba ɗaya, ma'anarta kawai ake so ta ɓace. Fanka a kusa da tebur ma tana yin rabin wannan aiki, in akwai wuta. Sashen da ya fi wuya a kundin, wato nazarin sakamako, ka ajiye shi sai bayan sallar asuba kafin ɗaki ya farka.

Ina yin awa biyar zuwa shida kullum da iyafis ina buga takardu a shagon kwamfuta. Kwanan nan in na cire sai in ji kunnena yana ƙugi. Akwai haɗari?
*Wata mai buga takardu daga Jos*

Akwai, 'yar'uwa, kuma wannan ƙugin gargaɗi ne. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi da suke mayar da sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai yawa tana gajiyar da su, in abin ya daɗe su mutu, kuma a jikin ɗan Adam ba sa sake tsirowa.

Ana auna ƙara da desibel. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga babba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, ga yaro kuma 75. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: a 83 awa 20, a 86 awa 10, a 89 awa 5, a 95 kuwa awa ɗaya da kwata a mako gaba ɗaya. Waya da iyafis in an ƙure su suna iya wuce 100. In kwana shida kike aiki, kina yin awa 30 zuwa 36 a mako, don haka ba ki da sararin wuce 80 ko kaɗan. Abin da yake jawo ƙurewa a shago shi ne ƙarar janareto da injin hoto: mutum yana ƙara waƙa don ya rinjaye su bai sani ba.

Kada ki wuce kashi 60 cikin ɗari na ƙarar wayar. In wayar ta nuna gargaɗi lokacin da kike ƙarawa, kada ki danna amincewa. Mai iPhone zai iya ganin adadin desibel ɗin da yake ji a manhajar Health. Gwaji mai sauƙi: in wanda yake tsaye nisan hannu ya yi magana ba ki ji ba sai ya ɗaga murya, ƙarar ta yi yawa. Cire iyafis minti biyar zuwa goma kowace awa, ki goge robarsa, kada ki yi aronsa. Yanzu dai ki huta da shi na 'yan kwanaki. In ƙugin bai tafi ba, ko kina jin magana kamar daga cikin ruwa, ko kunne ɗaya ne kawai, je ki ga likitan kunne, hanci da maƙogwaro a auna jinki. In ji ya ɗauke farat ɗaya a kunne guda, wannan na gaggawa ne, a ranar za a je asibiti. Kada a ɗiga mai ko wani abu a ciki.

Ni ba na sauraron kiɗa saboda abin da na fahimta a addini. Zan iya sa karatun Alƙur'ani ina rubutu?
*Wani magidanci daga Sakkwato*

Allah ya ƙara imani, Malam. Hukuncin kiɗa magana ce ta malamai, kuma wannan fili ba na fatawa ba ne. Game da karatu, aya ta 204 a Suratul A'araf ta yi umarni da a saurara a yi shiru idan ana karanta Alƙur'ani, malamai kuma sun yi bayani a kan ko umarnin ya keɓanta da salla da huɗuba ko ya game ko'ina. Wannan ka kai wa malaminka. Ta fuskar aiki kuwa, karatu murya ce, kuma ga wanda ya yi makarantar allo ya haddace surorin, harshe yakan bi mai karatu da kansa. Ƙarshenta ba ka ba karatun haƙƙinsa ba, rubutun ma bai samu naka ba. Wa'azi da labaran rediyo sun fi haka cin hankali tunda da Hausa ake yin su. Saurari abin da za ka saurara kafin ka zauna, da natsuwa, sannan ka rufe. In hayaniya ce damuwarka, ƙarar ruwan sama ko fanka ko matoshin kunne sun wadatar, babu kiɗa a cikinsu.

Da gaske ne kiɗan Mozart yana ƙara basira?
*Wata ɗaliba daga Kumasi*

A'a. Asalin zancen gwaji ne da Frances Rauscher da abokan aikinta suka wallafa a mujallar Nature a 1993. Ɗalibai 36 ne suka saurari kiɗan Mozart, wani shahararren makaɗin Turai na zamanin da, na minti goma, sannan suka ɗan fi ƙoƙari a tambayoyin juya siffofi a ka, kuma tasirin bai wuce minti 10 zuwa 15 ba. Kafin aiki suka saurara, aikin kuma ba rubutu ba ne. Binciken da ya biyo baya ya nuna cewa wartsakewa da jin daɗi ne suke kawo ɗan ƙarin, abin da duk wani sauti da mutum yake so zai iya yi masa.

Ina rubuta waƙa. Wani lokaci baitocina suna fita daga karin da na ɗauko ba tare da na lura ba, sai wajen rerawa. Ko kiɗan da nake ji ne?
*Wani sha'iri daga Katsina*

Da alama shi ne, Malam. Karin rubutacciyar waƙar Hausa yana tafiya ne a kan jerin gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kuma yawancin sha'irai ba ƙirga su suke yi ba, rerawa suke a zuci suna zuba kalma a kan muryar. In wani kiɗa yana bugawa a kunne da nasa awon, shi zai ja ka, sai ka tsinci ɗango ya ƙaru da gaɓa ɗaya ko amsa-amon ya koma na waƙar da kake ji. Akwai kuma haɗarin ɗauko salon wani mawaƙi ba da niyya ba, a zo ana cewa ka yi sata.

Abin da yake aiki shi ne ka naɗi muryarka a waya kana rera baitin farko da ka tabbatar ya zauna, ko kana gunguninsa ba kalma. Saurare shi sau biyu ko uku, kashe, rubuta baiti biyu, rera su da ƙarfi a kan wannan murya. In kana buƙatar abin riƙe awo, buga yatsa a tebur.

Duk na ji bayananku, amma ni na tabbata na fi rubutu da waƙa. Ta yaya zan gane gaskiya?
*Wani ɗan jarida daga Kaduna*

Mai yiwuwa ne, abokin aiki, mutane sun bambanta. Adrian Furnham da Anna Bradley sun gano a 1997 cewa waƙa ta fi damun masu shiru-shiru fiye da masu son jama'a. Amma jin daɗin zama ba shi ne ma'auni ba, don haka ka auna. Ware zama tara na minti 25, a lokaci ɗaya na yini, da aiki iri ɗaya: uku shiru, uku da sauti marar murya, uku da waƙarka. Cakuɗa su, kada ka jera iri ɗaya, kuma wayar ta kasance a tsarin jirgin sama a dukkansu, don sau da yawa saƙonni ne suke cin lokacin, waƙa ta ɗauki laifi.

A kowane zama rubuta abu biyu. Na farko yawan kalmomi. Na biyu, wanda ya fi muhimmanci, sai washegari: karanta rubutun da ƙarfi a wuri shiru, ka ƙirga gyaran da ka yi a kowace kalma 100. Ka sa ido a kan kurakuran da rabuwar hankali take haifarwa a rubutun Hausa: kalmar da aka maimaita ko aka tsallake, "ya na" a maimakon "yana", "da ga" a maimakon "daga", lanƙwasar ɓ da ɗ da ƙ da ta faɗi, da jimlar da ta fara da "ta" ta ƙare da "ya". In zaman waƙa ya ba ka kalma 500 da gyara 40, na shiru ya ba ka 430 da gyara 12, ka ga inda lokacinka yake tafiya. In kuwa lambobin sun fito kusan ɗaya, ci gaba da waƙarka wajen zubin farko, ka rage ƙara, ka cire iyafis lokacin gyara.